Wadda Ke Bayan Zannuwa

Wanki da guga ce sana'arsa. Ita ya taras ubansa na yi, da ita ya ci ya sha, da ita ya yi aure ya tarbiyyantar da 'ya'ya. Shagon na ƙasan wani tsohon bene, ɗaki ne dogo mai taga ɗaya, kullum cike da tururi da ƙamshin sitati. Iyalinsa na hawa na tsakiya. Can a saman rufin kuwa, inda igiyoyin shanya suka tashi daga wannan bango zuwa wancan, nan ne hankalin mutumin yake zaune, ko da ka gan shi a ƙasa riƙe da dutsen guga yana amsa maka gaisuwa.

Abokansa na kiransa Sai-Haske, kuma sunan ya bi shi har masu kawo wanki sun ɗauka na yanka ne.

Kyamara ta shigo hannunsa ne ba tare da ya nema ba. Wani maƙwabcinsa mai shagon hoto zai tashi daga unguwar, ya ga kayan sun yi masa yawa, sai ya bar masa kyamara ɗaya da wata kwamfuta mai nauyin tsiya. Ya zaunar da shi ya nuna masa 'yan madannai a manhajar gyaran hoto: wannan na ƙara haske, wannan na rage shi, wannan kuma na goge duk abin da ba ka so ya fito. Iyakar karatun ke nan. Sai-Haske ya riƙe shi gam, bai ƙara ba bai rage ba, kamar yadda ya riƙe karin wando tun yana yaro.

Me zai ɗauka? Wasu in sun samu kyamara sai su bazama neman duwatsu da koguna. Shi matakala kawai ya hau. Akwai wani ƙaramin otal da ke kawo masa zannuwan gado farare, kuma ya daɗe da lura cewa in rana ta sunkuya da yamma, takan faɗo ta bayan shanyar, sai zannuwan su kama da haske tun daga sama har ƙasa. Iska ta shigo ta cika su, ta sake su, ta sake cikawa. In ya tsaya a tsakiyarsu sai hayaniyar titi ta yi nisa, ya ji kamar yana cikin wani gida da aka gina da haske, ɗaki bayan ɗaki, bangon na numfashi. Ɗan lokaci kaɗan abin ke yi ya wuce. Wannan ɗan lokacin ya yi shekaru yana farauta.

To, mai irin wannan farauta ba ya son a motsa masa, matarsa kuwa ba ta san zama wuri ɗaya ba. Mace ce mai sauri, mai dariya, wadda ke magana da hannu da kai da kafaɗa gaba ɗaya. Ita ke taya shi shanya da kwashewa. Sai ya gama daidaita kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, ya riƙe numfashi, ya danna, sai ga gwiwar hannunta a gefen hoto, ko inuwarta a jikin zane.

"Haba, baiwar Allah! Kin ɓata min."

"Na ɓata maka zanen gadon mutane? To ni ɗauke ni mana, tunda ga ni."

"Bari haske ya gyaru tukuna."

"Kullum sai haske, sai haske. Allah ya kawo hasken nan muna raye."

Daga bakinta sunan ya fito, abokai suka tsince shi.

Kada a ce bai taɓa gwadawa ba. Ya gwada. Yakan tsayar da ita a jikin bango ya ce kada ta motsa, ita kuwa da ta ga ya rufe ido ɗaya ya murtuke fuska sai dariya ta ƙwace mata, hoton ya fito dishi-dishi. Nan take babban yatsansa zai sauka a kan madannin nan mai alamar kwandon shara. Ba ya ajiye hoton da ya girgiza, wannan doka ce a wurinsa, yadda ba ya mayar wa mutum riga da tabo. Waɗanda ta faɗo cikinsu na zannuwa kuwa, in hasken ya yi kyau ƙwarai har ya ji ba zai iya zubarwa ba, sai ya kai su kwamfuta ya zauna yana goge ta a hankali, yana cike gurbin da farin zane, yana 'yan gunaguni. Ya iya aikin har ba mai cewa an taɓa wurin. A ransa akwai wani hoto nata da yake tanadi, wanda za a ɗauka ranar da haske ya cika, ita kuma ta natsu. Bai ga abin gaggawa ba. Matar da kake kwana kake tashi da ita, ina za ta?

Ciwon kwana kaɗan ya ɗauke ta. Lokacin yayyen 'yarsu Auta maza sun tasa, ita kuwa Auta ko makaranta ba a sa ta ba.

Ya ci gaba da guga, ya ci gaba da hawa sama da yamma. Ya koyi kitso da hannunsa mai kaushi, kitson da maƙwabta mata suka riƙa kwancewa a ɓoye suna sakewa don kada a yi wa yarinya dariya. Yayyen suka kama gabansu ɗaya bayan ɗaya. Gidan ya rage daga shi sai ita.

Abin da ya riƙe shi a shekarun nan, bayan Auta, shi ne zaman safiyar Asabar a shagon Mai Tabarau. Mai Tabarau na gwada wa mutane ido ne ya yanka musu gilashi, saboda haka yana ganin duk wata magana ta gilashin kyamara a bakinsa ya kamata ta ƙare. Akwai Akawu, wanda tun da ya yi ritaya ya mayar da sayen kayan hoto aikin yi. Jakarsa kaɗai ta isa a buɗe shago, amma ba wanda ya taɓa ganin hoton da ya ɗauka in ban da na kyanwarsa tana barci. Sai Malama, mai koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, wadda ke bin tsuntsaye da wani dogon gilashi kamar taɓarya, ita ce kuma mai haƙurin karanta bayanin kowace manhaja har ƙarshe. Su huɗu sukan sa butar shayi a tsakiya su yi ta musu.

"Wannan gilashin da na sayo," in ji Akawu, yana zaro shi daga tsumma kamar jariri, "ko ƙudan da ke kan hasumiya ya gifta, sai ka ƙirga gashin ƙafarsa."

"To ina hoton ƙudan?" in ji Malama.

"Ban samu lokaci ba tukuna."

"Ka dai samu lokacin saye," in ji Mai Tabarau. "Kawo in gani. Kai, wannan ai akwai ƙura a cikinsa."

"Ƙura a idonka take, je ka gwada wa kanka tabarau."

Sai-Haske bai cika sa baki ba. Yakan kawo sabon hoton zannuwa a miƙa hannu zuwa hannu, a yi shiru, Malama ta ce, "Kai dai ka huta, ka samu abinka a saman kanka." Akawu ya tambaye shi a kan nawa ya sa saurin ɗauka, ya ce bai duba ba. Wannan amsar na ƙona wa Akawu rai fiye da zagi.

Auta ta girma ta karanci aikin jinya, aka ba ta aiki a wani gari mai nisa, za ta tafi ƙarshen wata. Wata safiya suna ninke zannuwa a shago, ita riƙe da baki ɗaya shi riƙe da ɗaya, suna matsowa su haɗa hannu su sake ja da baya, sai ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Baba, ina son hoton Mama in tafi da shi."

"Akwai na katin shaidarta."

"Na san wannan. Ba shi nake nufi ba. Wanda kai ka ɗauka."

Suka matso, ya karɓi bakin zanen daga hannunta.

"Ina jin muryarta wani lokaci," in ji Auta. "Ina tuna ƙamshin mayafinta. Amma in na rufe ido in ga fuskar, sai in ga ba kowa. A nan ko ba komai ina ganin inda ta zauna, inda ta tsaya. Can kuwa ba abin da zai tuna min."

Ya ce zai duba. Me zai ce? Mutumin da ya tara hotuna sun fi a ƙirga, ya buɗe baki ya gaya wa 'yarsa cewa na uwarta ko ɗaya babu? Hotunan aurensu ruwa ya lalata tun wata shekara da rufin ya yi yoyo, kuma duk lokacin da aka ce ta je shagon hoto takan ce tana da mai hoto a gida, me zai kai ta.

Da yamma ya hau sama, ya tsaya a tsakiyar shanya, ya rufe ido don ya kira fuskar ya tabbatar tana nan. Ya ga saurin tafiyarta. Ya ga yadda take cije abin maƙale shanya a baki in hannayenta sun cika. Ya ji "sai haske, sai haske". Amma fuskar ta ƙi tsayawa, da ya kusa kama ta sai ta zame. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da aka fita da gawarta. Ashe ba Auta kaɗai ke mantawa ba.

Ranar Asabar ya fasa ƙwai a gaban abokai, ya ajiye katin shaidar kusa da butar shayi. Hoton ɗan mitsitsi ne, ya koɗe. Matar da ke ciki ta rufe baki gam ta zaro ido, kamar an ce mata in ta yi numfashi za a ci ta tara.

Malama ta fara tambayar katunan da kyamara ke adana hotuna a ciki na wancan lokacin, ko za a iya tono abin da aka zubar. Ya ce kati ɗaya gare shi, shi yake ta juyawa har yau. Ta girgiza kai. Abin da aka zubar aka kuma yi ta ɗora wasu a kansa shekara da shekaru, in ji ta, ya tafi ke nan.

Akawu kuwa har ya miƙe tsaye don murna, yau ga ranar kayansa. Yana da wata sabuwar manhaja a waya mai raya tsohon hoto, ta ƙara girma, ta sa launi, har murmushi tana sawa. Kafin shayi ya huce ya gama. Ya juyo da wayar yana haki kamar shi ya haife ta.

Mace ce kyakkyawa, fata sumul, ido tar, haƙora farare a jere reras. Mai Tabarau ya ce tubarkalla. Sai-Haske ya daɗe yana kallo. Goshin nata ne, hancin ma kusan nata ne. Amma wannan matar ba ta taɓa cije abin shanya ba, ba ta taɓa yi wa kowa tsiya ba. Akwai abin da ba daidai ba a fuskar, ya san akwai, ya rasa mene ne, kuma rashin sanin ya fi komai ci masa rai. Ya yi wa Akawu godiya, don da zuciya ɗaya ya yi.

Da aka wanko shi a takarda ya nuna wa Auta, ta riƙe hoton da hannu biyu ta ce, "Kyakkyawa ce." Ta ƙara dubawa ta ce, "Na gode, Baba." Ta sa shi a cikin akwatin da ta fara haɗawa. Ladabi ne kawai, ya kuma gane.

Asabar ta ƙarshe kafin tafiyar, ya je zaman ne don kada a ce bai zo ba. Yana gefe da kofinsa, hankalinsa na saman bene, Akawu na ta mita a kan hoton kyanwarsa da ya ce ya lalata.

"Na ƙara launi, na ƙara, na ƙara, yanzu ta koma kamar an tsoma ta a miya. Ga shi na riga na adana."

"Sai ka mayar da shi asali," in ji Malama. "Kai da Sai-Haske ai manhajarku ɗaya, tsohuwar nan. Ba ta taɓa ainihin hoton. Duk gyaran da ka yi, mayafi ne take lulluɓawa a kai. Akwai madanni a can ƙasa ta hannun dama, ka danna, mayafin ya faɗi."

Kofin Sai-Haske ya tsaya a hanya, bai kai baki ba.

"Malama," ya ce, "har abin da aka goge?"

"In a cikin hoton ka goge shi, ba zubar da hoton ka yi ba, yana nan."

"Ko an daɗe?"

"Ko an shekara nawa, in dai kwamfutar ce ba ka..." Ta tsaya. Ta dube shi da kyau, ta ajiye nata kofin. "Me ka goge?"

Ya miƙe yana neman takalmansa. Mai Tabarau ya ce a bar shi ya tafi.

Kwamfutar na nan a kusurwar ɗaki inda take tun farko, lulluɓe da rigar matashi. Ya kunna ta, ta yi ta nishi tana tunani kamar tsohuwar da aka tasa daga barcin rana. Ya kira Auta ta jawo kujera. Ya gangara can ƙasa, shekarun baya, ya buɗe wani hoto da ya fi so: zannuwa uku cike da iska, hasken yamma na zuba ta cikinsu, ba kowa ba komai. Ya nemo madannin a inda Malama ta ce. Shekara nawa yana ganinsa a wurin, bai taɓa tambayar aikinsa ba, tunda maƙwabcin nan bai nuna masa ba.

Ya danna.

Hasken ya ɗan dushe, launin ya koma yadda yake a ranar. A gefen hagu kuma, inda a da farin zane ne, sai ga gwiwar hannu da bakin mayafi mai ɗigo-ɗigo.

Auta ta dafe baki. "Mayafin nan! Baba, shi ne."

Ya buɗe na gaba ya danna. Ƙafa ɗaya cikin silifa, a ɗage, tana shirin fita daga hoton. Na gaba, inuwarta cikakkiya a bayan zane, hannuwa sama tana maƙala shanya. Na gaba, bayanta, da wani ɗan kai mai tsinin kitso yana leƙowa daga goyo.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce."

"Har da ni ka goge?" Tana dariya, hawaye na zuba.

"Har da ke," ya ce.

Suka ci gaba. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar madanni da nishin kwamfuta. Duk hoton da ya taɓa kai wa abokai aka yi shiru ana yabawa, ashe da mutum a ciki. Tana fitowa daga farin zanen kaɗan-kaɗan, nan kafaɗa, can kunne da ɗan kunne, kamar mai tahowa daga nesa cikin hazo. Da tafiya ta yi tafiya sai ya lura da wani abu da bai taɓa lura da shi ba a lokacin da yake gunaguni yana gogewa. Ba kuskure take yi ba. A wani hoton tafin hannunta ne kawai ya ɓullo ta saman igiya yana ɗaga masa gaisuwa. A wani ta kama hannayen wata rigar mutane tana rawa da ita. Tana jin ya riƙe numfashi, ta san zai danna, sai ta shigo. Ta gaji da jiran haske ne ta riƙa ɗaukar kanta da hannunsa.

Sai suka zo kan wani da ya tuna ranarsa sarai, don ya daɗe yana aikin gyara shi: zannuwa biyu sun haɗu a tsakiya, haske na tsaga su. Ya danna.

Ta raba zannuwan da hannu biyu ta zuro kai, tana kallon cikin kyamara kai tsaye, tana dariya da dukan fuskarta. Hoton ya girgiza. Gefen mayafin ya narke cikin haske, kunne ɗaya bai fito ba. Da a jikin bango ya ɗauke shi, da tuni yatsansa ya aika shi kwandon shara, zannuwan ne suka cece shi. Amma idanun sun fito, bakin ya fito, kuma a tsakiyar haƙoranta na sama ga wushirya.

Abin da ya rasa a hoton Akawu ke nan. Ya ji fuskar ta dawo ta zauna a inda take a da, gaba ɗayanta, har da yadda hancin ke tattarewa in dariyar ta yi yawa. Ya yi kewarta a wannan lokacin fiye da duk shekarun da suka wuce a haɗe, ya kuma ji daɗi irin wanda ya manta akwai shi.

Auta ta matsa har goshinta ya kusa taɓa allon. A hankali ta kai ɗan yatsa ta taɓa tsakanin nata haƙoran.

"Ashe a nan na samo ta," ta ce.

"A nan kika samo ta."

"Wannan nake so. Kada a gyara komai, Baba. Kada ka bari Akawu ya taɓa shi."

"Ba mai taɓa shi."

Ta taga ya ga rana ta sunkuya. Hasken ya faɗo a bangon ɗakin, ruwan zuma, irin wanda ba a samu sai an dace, ga iska na kaɗa labule daidai yadda ake so. Ya san abin da ke faruwa a saman bene a wannan lokacin: zannuwan otal na can sun kama tun daga sama har ƙasa. Kyamara na rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Ya dube ta, ya dubi allon. Akwai sauran hotuna da yawa a ƙasa da ba su buɗe ba.

Auta ta gyara zama, ta jingina kai a kafaɗarsa.

"Danna na gaba, Baba," ta ce.